Yadda Za Ka Je Dagona Ka Ga Agwagwa Mai Farin Ido a Yini Ɗaya

Duk Bahaushe ya san shamuwa. Ranar da ta sauka kan bishiyar tsakar gari ta fara tara kirare, manomi ya san lokacin sharar gona ya yi. Shamuwa baƙuwar damina ce, kuma yawonta duk a cikin Afirka take yin sa: ta yi sheƙa a wurinmu, ruwa na ɗaukewa ta nufi kudancin nahiyar. Amma muna da wasu baƙin da ke zuwa da sanyi, ba sa shiga gari, ba sa yin sheƙa a nan, shi ya sa mutane kaɗan ne suka san da zamansu. Daga Turai da Asiya suke tasowa, su ƙetare Sahara, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru su yi watanni.

Cikin waɗannan baƙi akwai wata agwagwa da nake so kowane mai sha'awar tsuntsaye ya gani da idonsa ko sau ɗaya ne. Masana na kiranta Aythya nyroca, a littattafan Turanci kuma sunanta Ferruginous Duck, kuma da wannan sunan ma'aikatan gandun daji suka fi saninta. Ni dai ina ce mata agwagwa mai farin ido. Tana hayayyafa a gabashin Turai da sassan Asiya, kuma daga bakin kogin Danube a Romaniya, inda take da yawa, zuwa Jihar Yobe ya haura kilomita 3,000. Yawanta ya ragu a duniya saboda ana ta busar da fadamun da take zama, har ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu a duniya ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da shiga haɗari. Wurare ƙalilan ne a Afirka ta Yamma take sauka da yawa: fadamar kogin Neja a Mali, Tafkin Chadi, sai kuma nan wurinmu.

Mataki na farko: san kamanninta tun kana gida

Wanda ya je bakin ruwa bai san abin da yake nema ba zai kalli agwagi dubu ya dawo yana cewa duk iri ɗaya ne. Saboda haka ka zauna da hotonta a waya kwana biyu ko uku kafin tafiya, har kamanninta su zauna maka a ka.

Ƙarama ce, tsawonta bai wuce santimita 40 da ɗan wani abu ba, ba ta kai agwagwar gida ba ko kusa. Toron ja ne mai duhu, irin jan tsatsar ƙarfe, bayansa ya fi duhu, idonsa kuma fari fat kamar an ɗiga alli. Macen ta fi shi dusashewa, ruwan ƙasa ce, kuma idonta baƙi-baƙi ne, don haka kada ka dogara da ido kaɗai. Alamar da ta haɗa su duka biyun ita ce farin da ke ƙarƙashin bindi: idan tana iyo ta ba ka baya, za ka ga wani fari tas a gindin bindin, ana hango shi daga nesa ko da hazo. Idan ta tashi sama kuma, wani faffaɗan farin layi ne ya ratsa fiffikenta kusan daga farko har ƙarshe, cikinta ma fari ne.

Sannan mai nutso ce. Za ka ga ta ɓace cikin ruwa na ɗan lokaci ta ɓullo a gefe. Wannan halin kaɗai ya raba ta da yawancin agwagin da za ka tarar.

Abin da zai fi ruɗa ka shi ne 'yar'uwar kirinjijiya, wadda ita ma ja-ja ce. Kirinjijiyar da muka sani mai farar fuska ba ta da wuyar ganewa, ga kukanta mai kama da fito. 'Yar'uwar tata ce matsala, amma ita wuyanta dogo ne, ƙafafunta dogaye, tana da fararen zane-zane a haƙarƙari, launinta kuma ya fi haske, ya yi wajen ruwan zuma. Mai farin ido kuwa a dunƙule take, gajeren wuya, kuma tana zama ƙasa-ƙasa a cikin ruwa.

Mataki na biyu: zaɓi lokaci

Baƙin suna fara isowa bayan ɗaukewar damina, su fara komawa wajen watan Maris. Lokacin da na fi so shi ne daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu. A lokacin ambaliya ta janye, ruwa ya taru a tafkuna da ƙoramu, tsuntsayen da da suke warwatse a fadama sun haɗu wuri guda. A watan Janairu ne ma ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kowace shekara, kuma wannan yankin yana cikin wuraren da ake ƙirgawa.

Abu ɗaya da ke ɓata tafiya a wannan lokacin shi ne hazo. Ranar da hunturu ya turnuƙe da ƙura, abin da ya wuce taku ɗari biyu sai dai ka ga inuwarsa. Idan kana da zaɓi, ka bar kwana biyu a buɗe, ka ɗauki wadda gari ya fi washewa.

Mataki na uku: tambaya kafin ka zuba mai a mota

Tafkin Dagona yana Ƙaramar Hukumar Bade a Jihar Yobe, cikin sashen Bade-Nguru na Gandun Daji na Ƙasa na Chad Basin. Tsohon gurbin kogi ne da ambaliya ke cikawa duk shekara, faɗinsa hekta 344, kuma a 2008 aka sa shi cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun riga shi shiga, tun 2000. Sunan Dagona ya fita duniya tun da daɗewa, har marigayi Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin ya zo kallon tsuntsaye a nan a 1989.

Sai dai ruwan wannan yanki ba a yi masa alkawari. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke ciyar da fadamar kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar ya canja. Ga kuma doguwar ciyawar ruwa ta kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa da dama, wani wurin ya cika ya tumbatsa, wani ya bushe da wuri. Wata shekarar Dagona na cike da ruwa har Fabrairu, wata shekarar tsuntsayen sun koma wajen Nguru ko Baturiya ta Jihar Jigawa. Na taɓa yin doguwar tafiya bisa labarin shekarar da ta gabata, na tarar da laka ta tsattsage da shanu suna kiwo a inda aka ce mini agwagi suke. Tun daga ranar ba na tashi sai na ji daga bakin wanda ya taka wurin a cikin makon.

Don haka ka nemi ma'aikatan gandun dajin tukuna. Shiga Dagona sai da izininsu, kuma su ne za su haɗa ka da jagora. Tambayoyi uku za ka yi: akwai ruwa yanzu? An ga agwagi masu nutso kwanan nan, kuma a wane ɓangare? Yaya hanya da lafiyar gari? Tambaya ta ukun kada ka ji nauyin yin ta, kuma idan aka ce ka dakata, ka dakata. Ƙungiyar NCF mai kula da muhalli ta daɗe tana aiki a Nguru, haka kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana da ɗalibai da masu sa kai da ke zagaya Arewa suna rubuta tsuntsayen da suka gani. Samun ɗaya daga cikinsu ya raka ka ya fi kowane littafi. Ka kuma duba manhajar eBird ka ga abin da mutane suka rubuta daga yankin a 'yan makonnin nan.

Mataki na huɗu: kaya

Madubin hangen nesa shi ne jigon tafiyar. Mai lamba 8x42 ko 10x42 ya isa. Idan ba ka da shi ka ara, amma ka karɓe shi da kwana biyu ka koyi sarrafa shi a kan kurciyoyin unguwa. Dabarar ita ce ka kafa wa tsuntsu ido, sannan ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Wanda ya sa madubi tukuna sannan ya fara lalube, kafin ya samu wurin tsuntsun ya nutse.

Tufafi kuwa, bar farar shadda a gida. Fari da ja da duk abin da ke ƙyalli tsuntsu na hango su tun daga nesa. Sa ruwan ƙasa ko ruwan toka, da rigar sanyi don asubahin bakin ruwa a Janairu ba wasa ba ne, da hula mai baki, da takalmi rufaffe saboda ƙaya da laka. Sai ruwan sha mai yawa, da guzuri irin dabino da ƙuli-ƙuli da burodi, da ɗan littafin rubutu da biro, da abin cajin waya, da tsabar kuɗi ƙananan takardu don ba ko'ina ake samun sabis ba balle tura kuɗi. Ka sa goro a jaka.

Mataki na biyar: kwana kusa

Ko da yake yini ɗaya za ka yi, kada ka ce daga Kano ko Damaturu za ka taso da safe. Ka iso Nguru ko Gashuwa da ranar jajibere, ka kwana. Daga Kano hanyar Haɗeja ce za ta kai ka Nguru, daga nan Gashuwa kamar awa guda ce idan hanya na da kyau, Dagona kuma sai an sauka daga kwalta an shiga yashi. Mota mai tsayi ta fi, ko ka bar motarka ka hau babur da jagora. A Janairu rana na fitowa wajen bakwai saura kwata a wannan yankin. Ka yi sallar asuba ka kama hanya da zarar gari ya fara wayewa, yadda fitowar rana za ta same ka kusa da ruwa.

Mataki na shida: gaisuwa

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba wanda ya gani da wanda bai gani ba. Fadamar nan gidan mutane ce: Badawa, Mangawa, Fulani da Hausawa suna su, suna noman shinkafa, suna kiwo a nan tun kaka da kakanni. Baƙo da ya sauko daga mota da wani abu rataye a wuya yana leƙe-leƙe dole a yi masa kallon tuhuma. Ka bar jagora ya kai ka wurin Bulama ko Lawan, wato mai unguwa ko dagaci, ka cire takalmi, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka a taƙaice. Minti goma ne, amma daga nan duk wanda ya gan ka ya san da zuwanka.

Sannan ka nemi masunta, musamman dattawa. Mutumin da ke kan ruwa kullum tun kafin asuba ya san inda kowane garke ke kwana. Kada ka tambaye shi da sunan Turanci, kada kuma ka fara da tambaya. Ka ce, "Baba, barka da sanyi, ya ruwa?" Ka miƙa goro. Bayan an gaisa ka nuna masa hoton a waya: "Baba, cikin baƙin agwagin nan ko kana ganin wata ja mai nutso, mai fari a gindin bindi?" Sau da yawa zai yi shiru ya duba, sannan ya nuna maka wani lungu da baki ya ce can take wuni, cikin bado. Idan ya faɗi sunan da suke kiranta da shi a harshensu, rubuta shi. Irin wannan sanin ba ya cikin littafi, kuma yana tafiya tare da masu shi.

Idan sai an shiga kwalekwale, ku yi ciniki a tudu kafin a hau, kuma ka biya mutum hakkin safiyarsa da ya bari na su. Kada a cika jirgi, kada ka miƙe tsaye a ciki, kuma idan akwai rigar kariya ta ruwa ka sa. Kada ka shiga ruwan da ƙafa ko ka yi wanka: ruwan kwance irin wannan yana ɗauke da tsargiya.

Mataki na bakwai: a bakin ruwa

Ka zaɓi wurin da rana za ta kasance a bayanka. Da safe ke nan ka tsaya ta gabashin ruwan kana kallon yamma. Idan ka fuskanci rana, kowace agwagwa baƙa za ta zame maka, ba ja ba fari. Kada ka tsaya a fili kan gaɓa inda sama ke bayanka. Ka raɓa jikin gabaruwa ko giyayya ko wani kurmi, ka zauna. Zama ya fi tsayuwa, shiru ya fi raɗa, waya kuma a kashe mata ƙara.

Minti goma sha biyar na farko kada ka nemi komai. Tsuntsayen sun ga zuwanka, sun ja baya, sai sun ga ba ka motsi za su dawo harkarsu. A wannan zaman ne za ka fara rarrabe jama'ar wurin. Ga ɗinya, babba baƙa da fari, tana kiwo a gefen ciyawa. Ga kirinjijiya garke-garke suna fito. Ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi, ga balbela tana bin shanu. Waɗannan 'yan gida ne. Cikin baƙi, wadda ta fi yawa ita ce wata ƙaramar agwagwa da ake kira garganey, wadda toronta ke fitar da farar gira mai tsawo idan lokacin komawa ya matso. Akwai kuma mai dogon wuya da bindi mai tsini kamar allura. Can sama za ka ga wani shaho mai dogayen fikafikai yana shawagi ƙasa-ƙasa bisa kacalla, shi ma daga Turai yake.

Yanzu ka fara bincike. Ɗauki garken daga hannun hagu, ka bi shi a hankali zuwa dama, agwagwa bayan agwagwa. Ka kai ƙarshe, ka dawo ka sake. Kada ka tsaya kan tsakiyar ruwa kawai, don mai farin ido ba ta son fili sosai. Ta fi son inda bado ya shimfiɗa ganye, da bakin ciyawa inda ruwa ke da ɗan zurfi. Abin da idonka zai nema shi ne ɗigon fari a bayan wani abu mai duhu. Idan ka gan shi, ka riƙe wurin, ka jira ta juyo. Kazar ruwa ma tana da fari a ƙarƙashin bindi, amma ita baƙa ce, bakinta ja, kuma tana kaɗa kai idan tana iyo. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai yawan nutso wanda kusan ba shi da bindi, shi ma kada ya ɗauke maka hankali.

Mai nutso tana sa a yi kuskuren ƙirga da kuskuren wuri. Ka ga ta nutse, kada ka sauke madubi. Ka ci gaba da kallon wurin da kewayensa, za ta ɓullo. Idan kuna da yawa kuma kai ka fara gani, kada ka miƙe kana nuni da hannu. Ka faɗi a hankali: "Dubi gabaruwar can da ta karkata, sauko ƙasa zuwa bakin bado, ta uku daga dama."

Wani lokacin shahon nan zai ratso ya tayar da garken duka. Wannan dama ce: bi su da madubi, ka nemi mai faffaɗan farin layi a fiffike, ka ga inda za ta sauka. Amma kai kada ka taɓa tayar da su da kanka, kuma kada ka bari yaran da suka biyo ka su yi jifa don su faranta maka. Tsuntsun da zai ƙetare Sahara nan da 'yan makonni kitse yake tarawa, duk tashin da aka sa shi yi na banza daga guzurinsa aka ɗiba. Idan ka ga sun daina kiwo sun miƙe wuya gaba ɗaya suna kallonka, ka matso da yawa, ja baya.

Mataki na takwas: idan ka gan ta

Ka kalle ta tukuna. Mutane da yawa suna ɓata minti biyun da suka samu wajen laluben waya. Ka tabbatar da alamomi uku da idonka: launi, farin gindin bindi, da ido ko nutso. Bayan nan ka ɗora kyamarar waya a bakin madubin ka gwada hoto. Ko bai fito da kyau ba zai zama shaida.

Sai rubutu, nan take, kafin mantuwa ta shiga: kwanan wata, ƙarfe nawa, wane ɓangaren tafki, guda nawa, toro nawa mace nawa, me suke yi, yaya hazo. Idan ba ka tabbata ba, rubuta cewa ba ka tabbata ba. Babban garke kuma ana ƙirga goma ne a ga girmansu, sannan a riƙa aunawa goma-goma. Da ka samu sabis ka shigar da abin da ka gani a eBird ko BirdLasser, wadda masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita. Masu zuwa wannan yanki su rubuta ba su da yawa, don haka rubutunka na yini ɗaya yana da nauyi.

Wani zai iya kawo maka tsuntsu a raye ko a yanke ya ce ka saya. Kada ka saya, ko da niyyar saki ne, don gobe zai kamo biyu. Idan kuma aka nuna maka zoben ƙarfe da aka ciro daga ƙafar tsuntsu, ka ɗauki hoton rubutun da ke jiki duka, ka tambayi wuri da lokacin da aka same shi, ka aika wa masana. Zoben yana ɗauke da lamba da adireshin ƙasar da aka sa shi. Mataccen tsuntsu kuwa kada ka taɓa shi saboda murar tsuntsaye. Idan ka ga matattu da yawa wuri guda ka sanar da ma'aikatan gandun.

Mataki na tara: tsakar rana da komawa

Daga ƙarfe goma sha ɗaya zafi ke sa iska ta riƙa rawa a cikin madubi, tsuntsaye kuma su lafe. Ka koma inuwa, ka ci guzuri, ka yi azahar, ka gyara rubutunka. Idan ba ka gan ta da safe ba, ka sake tuntuɓar masuntan da suka dawo daga ruwa, sannan bayan la'asar ka koma ta yammacin tafkin yadda rana za ta sake zama a bayanka. Awa ɗaya da rabi za ka samu mai kyau.

Ka bar wurin da sauran rana, ka koma ka yi wa Bulama sallama, ka sallami jagora da mai kwalekwale, ka karɓi lambar wayar ɗayansu don shekara mai zuwa ka san wanda za ka tambaya labarin ruwa. Robar ruwa da ledar burodi su koma cikin jakarka. Rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, kuma ya kamata magariba ta same ka a kan kwalta ko a masauki.